Yadda Na'ura Take Ƙidayar Bairas A Cikin Jini: Tafiyar Kwalba Ɗaya Daga Gwarzo Zuwa Kano

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin jini kafin a ɗaura. Cikin abubuwan da dokar ta ce a duba akwai ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da na C, da kuma amosanin jini, wato sikila. Tun daga wannan lokaci maganar gwajin jini ta fito daga harabar asibiti ta shiga zauruka da majalisu, har a garuruwan da da can ba a damu da ita ba.

Kwanakin baya wani malamin kimiyya da yake koyarwa a wata sakandare a Kabo ya zo mini da wata tambaya. Wani ɗan'uwansa da ya daɗe yana shan maganin ƙanjamau yana neman aure, kuma yana riƙe da takardun asibiti guda biyu. Ta farko ta ce yana ɗauke da cutar. Ta biyu, wadda aka aiko daga Kano, ta ce an duba jininsa ba a ga ƙwayar cutar ba. Dangi suka rabu gida biyu: wasu suka ce ya warke, ya daina shan magani, wasu kuma suka ce tun farko asibiti ne ya yi kuskure. Malamin ya tambaye ni, "Dakta, wace takarda ce ta yi ƙarya?"

Amsa ita ce, babu wadda ta yi ƙarya, kuma duk ɓangarorin biyu na dangin sun yi kuskure. Takardun sun amsa tambayoyi biyu ne mabambanta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake samun takarda ta biyu, wato yadda na'ura take auna yawan bairas a cikin jini, gwajin da ma'aikatan asibiti suke kira bairal lod.

Tambaya Biyu, Gwaji Biyu

Gwajin da ake yi da ɗigon jini daga ɗan yatsa, wanda sakamakonsa yake fitowa cikin minti 15 zuwa 20, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Abin da yake nema shi ne sinadaran kariya da jiki yakan ƙera idan bairas ya shige shi. Misalin wannan kamar mutum ne ya shiga unguwa da dare ya tarar da 'yan sintiri a kowane lungu. Ganinsu ya ishe shi ya san ɓarayi sun taɓa shigowa, amma ba zai gaya masa ɓarayi nawa ne suke yawo a daren nan ba. Haka kuma ko ɓarayin sun ɓuya, 'yan sintirin ba su tafiya gida. Wannan ne ya sa mai ɗauke da HIV zai ci gaba da ganin "akwai" a wannan gwaji ko da ya shekara 20 yana shan magani.

Gwaji na biyu kuwa ɓarayin yake ƙidayawa. Tambayarsa ita ce: bairas nawa ne a cikin kowace mililita ɗaya ta ruwan jini a yau? Don mai karatu ya kwatanta, ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5. A jikin wanda bai fara shan magani ba, akan sami dubban gomomi ko dubban ɗaruruwa a mililita ɗaya, a makonnin farko na kamuwa ma har miliyoyi. Idan magani ya kama, adadin yakan faɗi ƙasa har na'ura ta kasa ganin komai.

Muhimmancin wannan adadi ya bayyana ne a shekarar 1996, lokacin da John Mellors da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka nuna cewa yawan bairas a jini yana nuna saurin da cutar za ta kwantar da mutum. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗauki wannan gwaji a matsayin babbar hanyar sanin ko magani yana aiki.

Abin Da Ake Ƙidayawa

Bairas ɗin HIV ƙarami ne ƙwarai. Sai an jera wajen 10,000 kafin su cika milimita ɗaya, don haka madubin ƙara girma irin na ɗakin gwajin sakandare ba ya ganinsa. Ba shi yiwuwa a zauna a ƙidaya shi da ido kamar yadda ake ƙidayar ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a kan gilashi.

Amma kowane bairas yana ɗauke da rubutaccen umarnin yadda za a ƙera irinsa. A jikin mutum da dabba da tsiro ana ajiye irin wannan umarni a zaren da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu na sinadarai: A, T, G da C. Shi HIV nasa umarnin yana kan wani zare ɗan'uwan DNA da ake kira RNA, mai haruffa sama da 9,000. Jerin waɗannan haruffa ya bambanta da na kowace halitta, kamar yadda zanen yatsan mutum ya bambanta da na kowa. Don haka abin da na'ura take yi shi ne ta nemi wani ɗan yanki na wannan rubutu, ta gano kwafi nawa ne a cikin jinin. Shi ya sa ake rubuta sakamakon da "kwafi kaza a mililita".

Daga Hannun Majiyyaci Zuwa Bakin Na'ura

Mu ƙaddara an ɗebi jinin wani mutumin Kabo da safe a Babban Asibitin Gwarzo. Ana zuba shi ne a kwalba mai murfi ruwan algashi, wadda take ɗauke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa. Zaɓen kwalba ba abin wasa ba ne, domin wani sinadarin hana daskarewa mai suna hefarin yana hana gwajin aiki ɗungurungum.

Daga nan agogo ya fara. Zaren RNA ba shi da ƙwari, zafi yana lalata shi, kuma kowa ya san a watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40. Dole ne cikin sa'o'i kaɗan a sa kwalbar a na'urar da take wulwula ta da gudu, har jajaye da fararen ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama. Wannan ruwa, da ake kira filasma, shi ake tsiyayewa a wata kwalba a sa a firji. Zai iya kwana kaɗan a sanyin digiri 2 zuwa 8, amma in zai daɗe sai an daskarar da shi.

Babbar na'urar gwajin ba ta samuwa a kowane asibiti, sai a manyan cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da yake kan titin Zariya. Tsakanin Gwarzo da birnin Kano akwai tafiyar wajen kilomita 70. A shekarar 2018 aka kafa wani tsari na ƙasa baki ɗaya a Nijeriya don jigilar samfur, inda masu babura da motoci suke bin asibitoci suna karɓar kwalabe a akwatin sanyi, su kai su ɗakin gwaji, su kuma dawo da sakamako. Kwalbarmu za ta bi titin Gwarzo ta wuce Rimin Gado, ta gifta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta ratsa gari kafin ta isa.

Inda babu firji ko na'urar wulwulawa, akwai wata dabara. Akan ɗiga jini a kan wani kati na musamman mai da'ira biyar, a bar shi ya bushe a inuwa, a sa shi a leda tare da sinadarin tsotse danshi. Busasshen jini yana jure tafiya ta kwanaki ba tare da sanyi ba. Sai dai yana ɗauke da ƙwayoyin jinin duka, ba filasma kaɗai ba, don haka awonsa bai kai na filasma daidai ba, musamman idan bairas ɗin kaɗan ne.

Cikin Na'ura: Mataki Na Farko, Tsamo Zaren

A ɗakin gwaji kowace kwalba tana ɗauke da lambar zane-zane irin wadda ake gani a jikin kayan kanti. Ma'aikaci zai jera kwalaben a kan tire ya tura cikin na'ura, ita kuma ta karanta lambar kowacce. Daga nan har ƙarshe hannun mutum ba ya sake taɓa jinin.

Wani hannu na ƙarfe yakan sauko da bututun tsotso ya ɗebi filasma, galibi tsakanin rabin mililita da mililita ɗaya, kuma yana canza bakin bututu a kan kowace kwalba don kada jinin wani ya haɗu da na wani. Sai a zuba sinadarai masu ƙarfi da suke fasa rigar bairas, zaren RNA ya fito fili. A nan ne ake amfani da wata hikima da René Boom da abokansa suka bayyana a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1990: idan akwai gishirin guwanidin mai yawa, zaren DNA da RNA suna manne wa gilashi. Don haka na'ura takan zuba wasu ƙananan ƙwayoyin gilashi masu ƙarfe a ciki. Zaren zai manne musu, sai maganaɗisu ya jawo su gefe ya riƙe, a tsotse sauran dattin a zubar, a wanke sau da yawa. A ƙarshe a zuba ruwa mai tsabta mai ɗumi, zaren ya saki gilashin ya koma cikin ruwan. Aikin bai rasa kama da na mai rairayar zinari ba.

Mataki Na Biyu: Juyawa Da Ninkawa

Hanyar ninkawa da za mu bayyana tana aiki ne a kan DNA, shi kuwa HIV RNA gare shi. Saboda haka sai an fara kwafe rubutun daga RNA zuwa DNA. Akwai wani inzayim, wato sinadarin halitta mai gaggauta aiki, da yake yin wannan. Howard Temin da David Baltimore ne suka gano shi a 1970, kowa a nasa ɗakin gwajin, suka sami kyautar Nobel a 1975. Abin mamaki, irin wannan inzayim ne HIV yake amfani da shi don dasa kansa a jikin mutum, shi ne kuma wasu magungunan ƙanjamau suke toshewa.

Bayan juyawa sai ninkawa, wadda ake kira PCR. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a 1983 a jihar Kalifoniya, ya sami Nobel a 1993. A wannan shekara ta 1983 ce kuma Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano HIV a Cibiyar Pasteur da take birnin Faris.

DNA igiya ce mai tufka biyu, kuma haruffan tufkokin suna haɗuwa ne bisa ƙa'ida: A da T, G da C. Wanda ya san tufka ɗaya ya san ɗayar. Ga yadda zagaye ɗaya na PCR yake gudana. Da farko na'ura takan ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95, tufkokin biyu su warware. Sai ta sauke zafin zuwa wajen digiri 60, wasu gajerun zare da aka ƙera a masana'anta, waɗanda za mu kira 'yan jagora, su je su manne a wurin da haruffansu suka dace. 'Yan jagoran nan ba su dacewa da rubutun mutum, ko na zazzaɓin cizon sauro, ko na ciwon hanta, sai na HIV kaɗai. Daga inda suka manne, wani inzayim magini yakan fara jera haruffa har ya gina sabuwar tufka. Igiya ɗaya ta zama biyu ke nan.

Idan aka maimaita, biyu ta zama 4, ta zama 8, ta zama 16. Bayan zagaye 10 kwafi ɗaya ya zama 1,024. Bayan 20 ya zama 1,048,576. Bayan 30 ya haura biliyan ɗaya. Na'ura takan yi zagaye 40 ko fiye.

A farkon lamari zafin digiri 95 yana kashe inzayim magini, sai mai bincike ya riƙa ƙara sabo a kowane zagaye, yana ɗaukar kwalabe daga wannan tukunyar ruwan zafi zuwa waccan. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A shekarun 1960 Thomas Brock ya gano wata bakteriya mai suna Thermus aquaticus da take rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Inzayim ɗinta, da ake kira Taq, yana jure zafi. Da aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1980, sai ya zama ana iya zuba komai sau ɗaya a rufe, a bar wa na'ura ɗaga zafi da sauke shi.

Mataki Na Uku: Yadda Haske Yake Zama Adadi

Mai karatu zai iya tambaya: idan an ninka abu har biliyoyi, ta yaya za a san nawa ne a farko? Wannan ita ce zuciyar maganar.

A ɗauki manoma biyu. Ɗaya ya fara da tiya ɗaya ta gero, ɗaya kuma da tiya 1,024, kuma geron kowannensu yana ninkawa biyu kullum. Rumbunansu girma ɗaya ne. Na biyun zai riga na farko cika rumbu da kwana 10 cif. Ke nan ko ba mu ga abin da suka fara da shi ba, ranar da rumbun kowa ya cika za ta gaya mana.

Haka na'ura take yi. Cikin sinadaran akwai wani ɗan zare na uku mai ɗauke da fenti mai haske a wannan baki, da abin da yake danne hasken a wancan baki. Shi ma yana mannewa a tsakiyar yankin da ake ninkawa. Idan inzayim magini ya iso kansa yakan datse shi, fentin ya rabu da mai danne shi, haske ya fito. Kowane sabon kwafi yana sakin ɗan haske. A ƙarshen kowane zagaye na'ura tana auna hasken, ta rubuta zagayen da ya fara ƙetare wani layi da aka shata. Jini mai bairas da yawa zai ƙetare layin da wuri, mai kaɗan sai can baya, wanda ba shi da komai kuwa ba zai ƙetare ba. Russell Higuchi da abokansa ne suka fara nuna yadda za a riƙa kallon ninkawar tana gudana, a farkon shekarun 1990.

Ga misali na lissafi, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙi. A ce samfurin da aka san yana da kwafi 1,000 ya ƙetare layi a zagaye na 30. Idan jinin majiyyaci ya ƙetare a zagaye na 27, ya riga da zagaye 3, wato 2 sau 2 sau 2, don haka yana da wajen kwafi 8,000. Idan sai a zagaye na 33 ya ƙetare, a raba 1,000 gida 8, a sami 125. Bambancin ninki 10 yana daidai da zagaye 3.3.

Don kada na'ura ta yaudari kanta, tun kafin a fasa bairas ana zuba wa kowace kwalba wani zare na musamman da aka san adadinsa, mai fenti na wani launi dabam. Idan wannan bai yi haske a lokacin da ya kamata ba, an san wani abu ya lalace a wannan kwalba, sai na'ura ta ƙi ba da sakamako. Har ila yau kowane rukuni yana tafiya da kwalaben shaida: wadda ba ta da bairas, da mai kaɗan, da mai yawa. Na'urar m2000 ta kamfanin Abbott, alal misali, tana ɗaukar gurbi 96 a tashi ɗaya, 93 na majiyyata, 3 na shaida.

Dalilin Miƙa Aikin Ga Na'ura

Gwajin farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996, wato Amplicor na kamfanin Roche, da hannu ake tsamo zarensa, kuma ba ya ganin abin da ya gaza kwafi 400. Ƙwararren ma'aikaci yakan wuni a kan 'yan kwalabe kaɗan. Na'urorin yau suna gani har ƙasa zuwa kwafi 20 ko 40. Bisa bayanin kamfanin Roche, na'urar cobas 6800 tana iya fitar da sakamako 384 cikin sa'o'i 8.

Buƙatar wannan sauri a fili take. An ba da rahoton mai ƙanjamau na farko a Nijeriya a 1986. Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kuma aka ƙiyasta masu ɗauke da shi a ƙasar sun kai wajen miliyan 1.9. In da kowannensu zai yi gwaji sau ɗaya a shekara, ana buƙatar gwaji sama da 5,000 a kowace rana ta Allah. Hannu ba zai iya ba.

Bayan sauri akwai tsabta. Ƙarfin PCR shi ne kuma rauninta: tun da tana iya mai da kwafi kaɗan biliyoyi, ɗan feshin da ido ba ya gani daga wata kwalba zai iya sa jinin mai lafiya ya nuna cuta. Rufaffiyar na'ura tana rage wannan haɗari, tana kuma kare ma'aikaci daga taɓa jini.

Akwai kuma ƙaramar na'ura mai suna GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita don gwajin tarin fuka a 2010, kuma ta yaɗu a asibitocin Nijeriya. A cikinta duk matakan nan uku suna gudana ne a wani ɗan akwatin roba da bai cika tafin hannu ba, sakamakon HIV ya fito cikin wajen minti 90. Ba ta ɗaukar kwalabe da yawa, tana kuma son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, amma tana iya kawo gwajin kusa da majiyyaci.

Bairas Ɗinmu Da Nasu

HIV yana yawan kuskure wajen kwafe kansa, don haka ya rarrabu zuwa zuriya da dama. Wadda ta fi yawa a Turai da Amurka ita ce B, mu kuwa a Nijeriya G da wata gauraya da ake kira CRF02_AG sun fi yawa. Gwaje-gwajen farko an ƙera 'yan jagoransu ne bisa zuriyar B, saboda haka sukan rage adadin bairas a jinin 'yan Afirka, har sai da aka gyara su. Wasu gwaje-gwajen yau suna farautar wurare biyu a jikin zaren a lokaci ɗaya, in ɗaya ya sauya ɗayan ya kama. Akwai kuma HIV-2, da aka gano a Afirka ta Yamma a 1986, wanda gwajin HIV-1 na yau da kullum ba a yi shi don auna shi ba. Wannan yana nuna mana cewa ba daidai ba ne mu zauna jiran wasu su nazarci bairas ɗin da yake yawo a cikinmu.

Yadda Ake Karanta Sakamako

Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, akan yi gwajin bayan wata 6 da fara magani, da bayan wata 12, sannan sau ɗaya kowace shekara. Idan adadin ya haura 1,000, alama ce ta ɗayan biyu: ko ba a shan magani a kan kari, ko bairas ya bijire masa. Sai a zauna da majiyyaci a taimaka masa ya kiyaye shan magani, a sake gwaji bayan wata 3. In har yanzu yana sama, likita ya duba batun canza magani. Ƙaramin bambanci, kamar daga 4,000 zuwa 6,000, ba abin tayar da hankali ba ne, domin masana ba su ɗaukar sauyin da bai kai ninki 3 ba a matsayin sauyi na gaskiya.

Idan takarda ta ce "ƙasa da 20", ko aka rubuta haruffan TND, ma'anarsa magani ya danne bairas har na'ura ba ta iya ƙidaya shi. Wannan ita ce takardar ɗan'uwan malaminmu, kuma albishir ne babba. Manyan bincike, irin HPTN 052 na 2011 da PARTNER da aka buga sakamakonsa a 2016 da 2019, sun sa masana sun tabbatar cewa wanda yake shan magani har bairas ya daina ganuwa a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Haka nan ga mai juna biyu: ba tare da magani ba, kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jarirai suna ɗauka daga uwa, amma da magani adadin yana faɗuwa ƙasa da kashi 5.

Sai dai wannan ba warkewa ba ce. Bairas yana nan ɓoye a matsayin DNA a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da suke barci, inda gwajin filasma ba ya kaiwa. In aka daina magani, cikin makonni kaɗan zai dawo. Duk mai sayar da magani da ya nuna irin wannan takarda ya ce shi ya warkar da mai ita, to a yi hattara da shi.

Ba Ƙanjamau Kaɗai Ba

Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato ya fi HIV yawa nesa ba kusa ba. Irin waɗannan na'urori ne suke auna shi, da 'yan jagora na dabam. Adadin yana cikin abubuwan da likita yake dubawa kafin ya yanke shawarar fara magani. Mai juna biyu da awonta ya kai 200,000 a ma'aunin ƙasa da ƙasa akan ba ta maganin tenofobir don kare jariri. Nau'in C kuwa yana warkewa, kuma shaidar warkewarsa ita ce a auna jini mako 12 bayan gama magani a ga babu komai. Jaririn da uwarsa take da HIV shi ma da PCR ake gwada shi yana da mako 6, domin sinadaran kariyar uwa suna iya zama a jininsa har wata 18. A 2020 kuma wannan hanya ce aka bi wajen gwajin korona.

Kammalawa

Mun ga cewa na'ura ba ta ƙidayar bairas ɗaya bayan ɗaya. Tana tsamo rubutunsa ne, ta ninka shi, ta lura da lokacin da haske ya bayyana, ta yi lissafi baya. Amma duk ƙwarewarta, abin da aka ba ta kawai take aunawa. Kwalbar da ta wuni a rana a kan titin Gwarzo za ta iya nuna bairas kaɗan alhali yana da yawa. Kwalbar da aka manna wa lambar wani za ta kai wa mutum sakamakon da ba nasa ba. Takardar da ta dawo aka jefa a aljihun tebur kuwa, duk wahalar ta tashi a banza.

Bugu da ƙari, na'urorin da sinadaransu daga waje ake kawo su, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya daɗe yana fitowa daga shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2025 ya tuna mana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar nan tana buƙatar masu gwajin jini, da injiniyoyin gyaran na'ura, da masanan bairas, kuma daga azuzuwan sakandare irin na Kabo da Gwarzo za su fito.

Ga malamai, wannan darasi ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A kawo wake da gwangwanin madara biyu. A sa ƙwaya 1 a wannan, 8 a wancan, ɗalibai su riƙa ninka abin da yake cikin kowanne suna rubuta zagayen da ya cika. Za su ga na biyu ya riga da zagaye 3. Sannan malami ya ɓoye adadin da ya fara da shi a gwangwani na uku, ya gaya musu zagayen da ya cika kawai, ya ce su nemo adadin. Ɗalibin da ya ci wannan ya fahimci abin da na'urar take yi, kuma in wata rana aka kawo takardu biyu zauren gidansu ana gardama, zai iya yi wa manya bayani.